Zuciya Biyu a Agogo Ɗaya

Ranar sadakar arba'in ɗin babanku ina ɗaki, ina jin ku a tsakar gida kuna ba baƙi labarin agogo, kowa da irin nasa. Wata ta ce agogon ne ya ceci Baba. Wata ta ce a'a, Inna ce ta tsinka shi gaban ɗansa, tun daga ranar bai ƙara ɗaga kai ba. Na gane muryar mai maganar sarai, ba zan sa sunanta a takarda ba, ta san kanta. Ina cikin takaba a lokacin, bai kamata a ji muryata ba, sai na haɗiye. To yanzu na fita, ga littafi ga alƙalami, kuma karatun yaƙi da jahilci da na yi da furfura a kaina bai tashi a banza ba. Zan faɗa muku yadda aka yi tun daga tushe, har da wurin da na yi ƙarya, don ba na zauna ne in wanke kaina ba.

Kun san ni ƴar Konni ce, gidan fatake, inda ake koya wa ɗiya ciniki tun ba ta iya ɗaurin zane ba. Aka kawo ni Badaguishiri gidan manoma, shi ya sa babanku bai taɓa kirana da sunan yanka ba, sai Ta-Konni. Shi kuwa mutumin garka ne, lambun nan na rani da ke cikin kwari. Da damina gero da wake, ana gama girbi sai albasa. Ya riga kowa isa, ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya, ba a ganinsa gida sai la'asar sakaliya. Abin taƙamarsa biyu ne a duniya. Na farko, albasarsa ba ta taɓa ruɓewa a rudu, rumbun da ake ajiye ta ba. Na biyu, tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa huda fatarsa da allura ba. In maƙwabci ya tafi asibiti sai ka ji ya ce, wane ya tafi a ƙara masa ciwo. Shekara arba'in da biyar ina jin wannan magana, har na gaji na daina tanka masa.

A shekarar da nake ba ku labari, ni ce marar lafiya, ba shi ba. Kaina ya riƙa sarawa, in na miƙe tsaye sai in ga duhu-duhu, aka ɗauke ni zuwa Yamai gidan yayanku. Ku yi haƙuri, ko a takarda ba zan rubuta sunansa ba. Ɗan fari ne, mu kuma haka muka tashi: ba a kiran sunan ɗan fari, ba a kallon ƙwayar idonsa, in kina da magana da shi sai ki aika wani ko ki faɗa wa bango ya ji. Duk abin da ke tsakanina da shi ta bakin matarsa Hajara yake bi. Ita ma'aikaciyar asibiti ce, yarinya mai ladabi, amma in ta sa abu gaba sai ta ga ƙarshensa. Aka auna ni aka ce hawan jini ne, ga jiki ya yi nauyi, ga zama wuri ɗaya. Aka ba ni ƙwayoyi, aka raba ni da gishiri. Ranar da zan dawo sai Hajara ta durƙusa ta ɗaura mini wani baƙin agogo, fuskarsa kamar ta ƙaramar waya, bayansa na ƙifta koren haske a kan fata.

“Inna, agogon ga ba lokaci kaɗai shika nunawa ba,” in ji ta. “Shina ƙirga takunki, shina sauraren bugun zuciyarki, har barcinki shina aunawa.”

Na ce, “To in ya ƙirga, wa za shi kai ma?”

“Ni,” ta ce tana dariya. “Ga waya za mu ba ki, ki rataye ta ɗaki. Dut abin da agogon ya tara da rana, in ya matso kusa da ita sai ya zuba mata, ita kuma ta turo min nan. Taku dubu shidda kullum, Inna. Baban yara ya ce in roƙe ki.”

Da ta ce shi ne ya roƙa, sai na bar agogon a hannuna. Da ɗaya daga cikinku ce, da na ce a kai kasuwa wani ya saya. Amma ɗan fari ba a musu da shi, magana ma ba a yi balle musu. Yana tsaye bakin mota yana duban ƙasa, ni ina duban gefe, na ce wa Hajara ta ce masa na ji.

Na dawo da kyakkyawar niyya, Allah ne shaidata. Amma ku gaya mini, a garin nan ina tsohuwa za ta da sassafe, ba gaisuwar mutuwa, ba barka, ba kasuwa? Mutanen Yamai suna da tafiya don tafiya kawai, mu nan ƙafa ba ta fita sai da dalili. Ranar farko ban kai bakin masallaci ba mutum biyar suka tare ni, kowa na tambaya lafiya dai, wa aka rasa. Rana ta biyu na ce bari in fake da ziyara, sai kowane gida aka shimfiɗa mini tabarma aka dama fura, na dawo cikina ya fi na jiya. Kafin kwana huɗu labari ya zagaye unguwa wai mun yi faɗa da Malam, ina neman gidan da zan yi yaji. Yaji, da tsufana! Ga gwiwa tana ciwo. Ga agogon kansa, in na ɗan zauna sai ya kama ɓir-ɓir a hannuna wai in tashi. Da marece kuma Hajara ta kira ta ce, Inna, yau dubu ɗaya da ƴan kai kawai. Ni da na aurar da ɗiya shida, yau ni ake bi da ƙirga kamar akuyar da aka ba kiwo. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba wanda zan kai wa ƙara.

A nan ne jinin Konni ya motsa. Wata safiya babanku ya saɓa fartanya zai fita, na dubi ƙafafunsa, na dubi agogo. Daga gida zuwa kwari tafiya ce mai kyau, ga kai-da-komo tsakanin rijiya da fangali wuni guda. A garin nan kuwa aro ba abin kunya ba ne. Ana aron turmi, ana aron jaki, ana aron babbar riga a je ɗaurin aure a dawo wa mai ita. To mene ne don na ari taku wurin mijina? Na ce masa, Malam, ara mini hannunka. Na bayyana masa dabarar. Ya juya agogon, ya ga har lokacin salla yana nunawa, ya girgiza kai.

“Ke dai Ta-Konni, ko lahira anka kai ki sai kin yi ciniki.”

Amma ya miƙo hannun. Tun daga ranar, da safe in ɗaura masa, da la'asar in kwance in mayar nawa hannun, agogo ya zuba wa waya abin da ya tara, waya ta kai Yamai. Ran Juma'a kaɗai ba ya zuwa garka, sai agogon ya wuni wurina. Shi ya ma fi ni jin daɗin abin, don abokansa na kwari sun riƙa barin aiki suna zuwa kallo, yana taɓa fuskar tana haske, yana cewa ɗansa ne ya aiko daga birni. Ni kuwa yabo ya riƙa zubo mini kamar ruwan malka. Hajara ta kira ta ce, Inna, dubu goma sha uku, wallahi kin fi ni! Sai in gyara zama in ce ai mu mutanen da ne. Har zanen takuna na mako ta riƙa nuna wa abokan aikinta, wai ga surukarta ta ƙauye ta fi ƙarfin ƴan boko. Wata biyu muna haka. Ba zan ɓoye muku ba, ko ɗigon nadama ban ji ba, har kirari nake wa kaina in ina tuƙa tuwo.

Ana saura kamar kwana arba'in a fara cirar albasa, wata Talata da hantsi, Hajara ta kira. Muryarta ba irin ta kullum ba ce, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

“Inna, ki hwaɗa min gaskiya, ƙaƙa jikinki?”

“Lahiya lau. Mi ya hwaru?”

“Agogon ya yi gargaɗi sau huɗu cikin kwana goma. Zuciyarki ba ta bugawa daidai, sai ta ruga, ta yi tsalle, ta ja baya. Na jera na mako takwas na kai ma lokotoronmu ya duba, ya ce abin ƙaruwa shikai. Abin da ya ɗaure muna kai, in kina barci lahiya lau take, ran Juma'a ma lahiya lau.”

Na nemi kujera na zauna, ita kuma ta shiga jero tambayoyi.

“In kin yi tahiya kaɗan, numhwashi na yanke miki? Kina iya kwanciya miƙe, ko sai kin tada kai da matashi? Ƙahwahunki na kumbura da marece? Jiri fa?”

Kowace tambaya ina cewa a'a, kuma wannan karon ba ƙarya nake ba. Amma kowace a'a na faɗa sai in ga babanku a gabana. Na tuna ya fi wata yana tsayawa a zaure ya dafa bango kafin ya shigo, in na yi magana ya ce takalmi yake kakkaɓewa. Na tuna ya karɓe matashina ya haɗa da nasa. Na tuna ya ajiye takalminsa na roba ya koma silifa, wai sun matse shi. Duk na gani da idona ɗaya-ɗaya, ban taɓa haɗa su wuri guda ba, sai da yarinyar da ke can Yamai, wadda ba ta ma san hannun wa take dubawa ba, ta haɗa mini su. Na tambaye ta in an bar irin wannan me yake zama. Ta ce jini na iya daskarewa ya toshe hanyar kai, mutum ya faɗi rabin jikinsa ya shanye, ko ya faɗi bai ƙara tashi ba. Ta ce ran Asabar suna tafe da mota, za su kai ni babban asibiti.

Da ya dawo na bar shi ya huta, ya yi magariba, ya ci tuwo. Sannan na zauna gabansa na faɗa masa duka, ban rage komai ba. Na zaci zai yi musu. Bai yi ba, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

“Na sani,” ya ce. “Tun kaka nike jin ta awa tsuntsu cikin riga.”

“Ka sani, ka yi shiru?”

“Albasa saura kwana arba'in. In sunka ji, ɗaure ni za su yi bisa gado. Wa za shi yi ban-ruwa? Wa ya san ranar da za a yanke mata ruwa in ba ni ba? A bari in cire ta in sa rudu, sannan a yi maganar.”

“In ka kai,” na ce.

“Rai ga Allah yake, ba ga agogo ba.”

“Allahn da ya ba ka rai, shi ya kawo agogon hannunka. Ni ƙarya na shirya, shi ya maishe ta gaskiya.”

Sai ya ɗago ya dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

“Ta-Konni, saurara da kyau. Ɗana ba shi ganina kwance ana danna min ciki. In kinka buɗe baki kinka hwaɗa ma wani, ban yahe ba, duniya da lahira. Riƙe abinki, ba ni ƙara sa shi.”

Matan cikinku kun san nauyin wannan kalma. Ni an rene ni da cewa aljannar mace tana ƙarƙashin ƙafar mijinta, kuma duk bakina da kuka sani, ban taɓa ƙetare ƙofar gida ba da izininsa ba. Kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba. Ban je wurin malami in yi tambaya ba, don in na tambaya ai na faɗa ke nan. Agogon yana hannuna yana aika wa Yamai zuciya lafiyayya, shi kuma yana can kwari da tasa, ba mai saurarenta. Ran Alhamis la'asar ta wuce bai dawo ba. Na fita bakin zaure na tsaya, duk wanda ya ɓullo daga hanyar kwari sai in ce ga mai kawo labari. Can na hango shi tafe. Daga tsamiya zuwa ƙofar gida, wurin da jikana ke rugawa da numfashi ɗaya, sai da ya tsaya sau uku. A wurin na yanke shawara. Na ce da kaina, in ya ƙi yafe mini, ina da Ubangijin da zan kai wa hanzarina, amma in ya faɗi cikin fangali bayan na sani na yi shiru, ba ni da bakin magana gaban kowa.

Ran Asabar mota ta tsaya ƙofar gida. Na san in na faɗi maganar a nan, shigewa kwari zai yi, ko jandarma ba su fito da shi ba. Don haka na yi lulluɓi, na zo bakin mota na coge, na ɗaga murya yadda maƙwabtan da suka taru sallama za su ji.

“Ba ni shiga sai da Malam. Ƙaƙa za a buɗe ma mace ƙirji can wani gari, mijinta na garka?”

Wani dattijo cikin abokansa ya ce, “Gaskiya ta hwaɗi, Malam. Raka iyalinka, mu ma duba ma ruwan yau.”

Ya harare ni har na ji a jikina, amma gaban mutane ba yadda zai yi. Ya shiga gaba kusa da ɗansa, ni da Hajara muna baya. Har muka isa Hajara na riƙe da hannuna tana ce mini kada in ji tsoro. Baiwar Allah, ba ta san abin da nake tsoro ba.

A asibiti ya ƙi shiga, ya zauna waje gindin bishiyar bedi yana jan tasbaha. Aka shigar da ni, aka manna mini wayoyi a ƙirji da ƙafa, inji ya fito da doguwar takarda mai zane hawa da sauka. Sannan aka kai mu buron lokotoro, wato ofishin likita, wani dattijo mai tabarau. Ni da Hajara muna zaune, yayanku tsaye bakin ƙofa. Lokotoron ya shimfiɗa takardar, ya ajiye wayar Hajara kusa da ita, ya dubi wannan ya dubi waccan, ya sake dubawa.

“Iya,” ya ce, “zuciyar da ke takardar ga ta hi tawa lahiya. Wadda ke cikin wayar ga kuwa ta gaji ƙwarai. Ko dai agogon ya lalace, ko kuwa ba zuciyar mutum guda ba ce.”

Hajara ta saki ajiyar zuciya ta ce, “Alhamdulillahi! Agogon na, lokotoro. Sai mu sake mata wani.”

To kun ga ƙofa a buɗe. Da na yi shiru shi ke nan, laifi ya hau kan agogo, in koma gida da mutuncina da yardar mijina, ba wanda zai taɓa sanin abin da na aikata. Lokotoro har ya fara naɗe takarda. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

“Agogon lahiya lau yake,” na ce. “Ni ce maƙaryaciyar. Wata biyu ga hannun Malam yake wuni. Mai zuciyar na nan waje.”

Hajara ta rufe baki da hannu. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba tun ranar da na haife shi. Na juya na dubi yayanku cikin ido, na yi masa magana da bakina, ba ta bakin kowa ba.

“Tahi ka shigo da ubanka. In ya ƙiya, ɗauko shi.”

Abin da suka faɗa wa juna a gindin bedin nan ban sani ba, har yau ba wanda ya gaya mini. Sun fi rabin sa'a. Da suka shigo idon yayanku ja wur, babanku kuwa ya wuce ta gabana kamar ba mutum a wurin. Aka manna masa wayoyin, takarda ta fito, lokotoro bai ko zauna ba ya ce a ba shi gado. Allurar da ya yi shekara saba'in yana gudu, a ranar sau uku aka yi masa. Kwana tara muka yi. Ina zaune bakin ƙofar ɗaki, in na miƙa abinci ya kau da kai, sai Hajara ta karɓa ta ba shi ya ci. Ranar sallama lokotoro ya ce mun zo a kan gaɓa, da an jira albasa bai san abin da za a kawo masa ba. Ya ce ƙwaya ce har ƙarshen rai, kuma fartanya da ɗaukar injin ban-ruwa sun ƙare.

Mutum ɗaya na roƙa gafara a duk wannan lamari, ita ce Hajara. Na tare ta bakin famfon asibiti na ce, ɗiyata, na mai da ke abin dariya gaban abokan aikinki, ki yafe mini. Ta fashe da kuka ta ce ta ga alamu tun tuni, ta ga zuciya mai hutun Juma'a, ta ga mai ciwon gwiwa tana taku dubu goma sha uku, amma ba ta taɓa kawo wa ranta cewa uwar mijinta za ta yi mata ƙarya ba. Wannan magana ta fi mari zafi, kuma na cancanta.

Albasar shekarar ƴaƴan ƙanensa ne suka cire. Sun yanke ruwa a makare, rabi ta ruɓe a rudu, abin da ba a taɓa gani a gidan nan ba. Warin ya yi mako yana shigowa har zaure, shi yana zaune yana shaƙa. Kada ku zaci abin bai taɓa ni ba, na shiga ɗaki na yi kuka ya fi sau nawa. Gari kuma ya rabu biyu, wasu na cewa na yi jihadi, wasu na cewa na tona asirin miji. Ƙanwarsa ta zo har ɗakina, ko zama ba ta yi ba.

“Dama an ce ɗiyan Konni ba su riƙe asiri.”

Na ce mata, “Asirin da kike so in riƙe, da na riƙe shi da yanzu kina nan kina amsar gaisuwa.”

Ba ta ƙara tako gidan ba sai da salla. Agogon kuwa ya koma hannunsa, wannan karon da sunansa a cikin wayar. Hajara ta ci gaba da lura daga Yamai, sau biyu a shekarar ta ga zanen ya canza, ta sa aka kai shi aka gyara masa ƙwaya kafin shi kansa ya ji wani abu a jiki. Ita yana amsa mata waya har da dariya. Da ɗansa ma sun koma hira fiye da da. Ni ce dai wata goma sha uku ban samu komai daga bakinsa ba sai amsar sallama. Yana cin tuwona, don ba wani tuwon, amma sai na ajiye na bar wurin. Ban ba shi haƙuri ba. Haƙurin me? In na ce ya yi haƙuri na ce ke nan na yi kuskure. Ni kuwa ƙaryar farko kaɗai nake nadama, gaskiyar ƙarshe ko yau aka mai da ni buron nan sai na sake faɗinta.

Da rani ya zagayo aka dasa sabuwar albasa, sai na samu dalilin fita wanda ba mai tambayata ina za ni. Kullum da safe in ɗauki sanda in gangara kwari, in bi fangali ɗaya bayan ɗaya, in dawo in tsaya bakin zaure inda babanku ke zaune in faɗa wa iska abin da na gani. Ganye ya yi kore shar. Na gabas ruwa ya yi masa yawa. Tsutsa ta shiga na kusa da rijiya. Ba ya amsawa, ko motsi ba ya yi. Amma washegari sai in tarar an gyara abin da na faɗa, na san ya aika. A haka gwiwata ta saki, jinina ya sauka, ba wanda ke ƙirga mini ko taku ɗaya.

Ranar da aka fara kwaso albasar yana zaune kan tabarma a inuwar ƙofar gida, amalanken shanu na wucewa da buhuna. Na dawo daga kwari rana tsaka, ƙafata duk taɓo, na tsaya cikin rana zan fara ba iska labari kamar kullum. Sai na ji ya yi magana, idonsa na kan hanya.

“Kin raba ni da garkata, Ta-Konni.”

Wata goma sha uku na yi ina wasa amsoshi masu kaifi saboda wannan rana, duk suka gudu suka bar ni. Abin da ya fito bakina ban taɓa faɗa masa irinsa ba, ko ina amarya.

“Na raba ka da ita. Garka ta samu waɗansu hannuwa. Ni in ka tahi, ba ni da wani.”

Amalanke biyu suka wuce. Sannan ya ja jiki gefe a hankali, ya bar rabin tabarma.

“Ke dai ba ki taɓa kunya ba. Shigo inuwa, rana na dukanki.”

Bai ce ya yafe ba, ranar nan ko bayanta, ni ma ban roƙa ba. Na kakkaɓe taɓon ƙafata na zauna. Shekara biyar Allah ya ƙara mana a kan tabarmar nan.